Zamzam a Tankin Karfan

Rusaifa, Makka
Tsakiyar Sha'aban

Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na haƙar burtsatse. Mu nan alhamdulillahi. Ƙanena Rayyan ya sami aiki a wani shagon waya, yarana suna makaranta. Kakarmu Inna Kubra kuwa jiki sai a hankali. Ƙafafun sun ƙara kumbura, daga gado zuwa bayi sai a keke, idon hagu ma ya fara dushewa. Baki dai yana nan yadda ka bar shi.

Rubutawa na yi na ɗauki hoton takardar na tura maka, domin na san ba ka samun sabis sai ka shigo Abeche, kuma saƙon murya rabi kake saurara ka amsa abin da ba a tambaye ka ba.

Inna ta ce bana sai ta ga furen wardi a Shafa, can kan tsaunukan Ɗa'if. Ka san a gonakin can ta yi aikin tsinka, ita da mijinta marigayi Baba Mukhtaru, lokacin da suka iso daga Sudan ba su da ko tabarma. So take ta sa hannu ta tsinka da kanta kafin idon ya ƙarasa tafiya. Likita bai hana ba, amma ya ce kada ta daɗe a zaune cikin mota, kuma bayi ya kasance kusa da ita. Ka ga babu abin da zai kai ta sai karfan ɗinka, ɗaki mai taya in ji ta. Rayyan zai ja shi da a-kori-kurar gidansu, a tsaya a hanya ta kwanta ta huta, a can ma ba sai an ɗauke ta an hau benen otal ba. Bana wardi zai buɗe wajen ƙaramar Sallah, kuma ka fi ni sanin 'yan makonni ne a gama tsinka.

Ranar Asabar muka je unguwar Mansur, ƙofar gidan Inna, ni da Rayyan muka yaye wa karfan tamfol. Tayoyin sun tsattsage a gefe. Batir ya mutu. Daɓen ɗakin, daidai gaban gado, in ka taka sai ya lotsa kamar burodi.

Sai kuma tankin ruwa. Cike yake fal, kuma da zamzam. Ranar da za ka tafi Chadi ka ce wa Inna kada a bar shi ya bushe. Tun daga ranar, duk Juma'a maƙwabciyarta Hajiya Ɗaso take tura ta a keke zuwa bakin tankin, ta ɗura masa zamzam, ta yi maka addu'a. Ta ce ba mai taɓa ruwan nan sai ka dawo ka fara sha. Ga shi famfo da bayin karfan duk daga tankin suke sha, ba kuwa wanda zai yi tsarki da zamzam. Idan ba a kwashe ba, ba tafiya.

Ka faɗa mini yadda ake kwashe tankin ba tare da ruwan ya zuba a ƙasa ba, ka kuma faɗa mini ko shi ne yake jiƙa daɓen. Sannan ka kira Inna, kai kaɗai za ta ji.

Ƙanwarka,
Ruƙayyatu

*

Abeche
Makon farko na azumi

Edita, uwar jan biro,

Wa alaikumus salam. Barkanku da shan ruwa. Ni lafiya ƙalau, sai rana da ƙura da wake safe da dare. Ki gaishe da matata Inna Kubra, ki ce maigidanta yana nan bai yi mata ƙarin aure ba, don nan ba a ba wa mai warin gas mata. Ki gaishe da Rayyan, in har yanzu yana gane Hausa.

Wallahi kin iya! Zamzam a tanki! Na karanta wa abokan aiki, direbanmu har da faɗuwa daga kan kujera. Na san ramuwar gayya ce ta ranar da na ce miki birran tsaunin Hada suna tsayar da mota su duba iƙama, katin zaman ƙasa, kika ɓoye taki a cikin safa. Shekara nawa kina dafa mini wannan? Amma kin manta abu guda, 'yar jarida: ni cewa na yi a riƙa zuba kofi ɗaya na ruwa a cikin masai, don kada robar da ke rufe ramin ta bushe ta tsage a zafin Makka. Ko Inna ba za ta mai da kofi ɗaya ya zama tanki ba. A taubasantaka ɗan mace ba ya faɗa wa tarkon 'yar namiji, sai ki sake shiri.

To, ga magana ta gaske, tunda tafiyar Inna ce. Duk ruwan da ke cikin tankin tsoho ne, ki sa Rayyan ya leƙa ƙasa ta bayan taya, akwai wani farin murfi, ya murɗe ya bar shi ya zube a kwata. Daɓen kuma na tabbata daga rufi ne. Karfan ba ya mutuwa ta ƙasa, ta sama yake mutuwa. Gam ɗin da ke kewaye da tagar rufi rana ce take cinye shi, ruwan sama ya sami hanya. A kankare tsohon tas a sa sabo, kada a shafa a kan tsoho, aikin banza ne.

Tayoyi kada ku dubi zanensu ku ce da sauransu. Tayar karfan zama ne yake kashe ta, ba tafiya ba. A canja duka har da safaya. A cire boris a wanke a cika shi da giris. Batir kada ku saya sai ana gobe tafiya. Ku kai wa Taha, Basudanen nan mai gareji a bayan kasuwar kifi, ki ce ni na aiko ki. Yana da surutu amma hannunsa mai kyau ne.

Shafa wuri ne, amma da za ku jira sanyi da na ce ku kai ta bakin teku a Shu'aiba, hanya a miƙe, ba hawa ba gangara, sai dai a wanke ƙasan karfan da an dawo saboda gishiri. Na kwana can ban san adadi ba, kifi na gasawa, ba mai ce maka tashi.

Gobe da asuba za mu koma daji, can arewa. Na so in kira Inna, katin ya ƙare. In kin shirya wata ƙaryar ki sa aljani a ciki, ta fi armashi.

Taubashinki,
Munzali

*

Rusaifa
Goman tsakiya na azumi

Munzali,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna ba ta azumi bana, likita ya hana, kuma hakan ya ƙara mata faɗa.

Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda ka amsa tambayata. Na yi shekaru ina gyara labaran mutane, na san yadda ake rubuta wasa, na san yadda ake rubuta rahoto. Abin da na aiko maka rahoto ne. Ka karanta wa direba ya yi dariya.

Duk da haka mun bi maganarka, tunda kai ne mai kaya. Rayyan ya hau rufi da azumi a bakinsa, ya kankare gam ya sa sabo, ya sauko fuskarsa kamar an gasa. Daɓen bai fasa jiƙewa ba. Rabon Makka da ruwan sama mai kirki kai ma ka san an kwana biyu, ban san me ya sa ban tuna maka ba, ban san me ya sa kai ba ka tuna ba.

Na je na ɗauko Taha. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da tocila. Can sai muka ji ya ce, "A'uzu billahi, yana ɗiga a ido na." Rayyan ya ce masa, "Ma'alesh, yi haƙuri ya usta, zamzam ne." Sai ya shafa a fuska, ya fito. Ya ce bututun da ya fito daga tankin ne ya tsage, domin roba ce, ga nauyin ruwa ga zafi. Ruwan yana bin katako yana ci a hankali. Ya ce gyaran ba wuya: a sauke tanki, a canja bututu, a yanke ruɓaɓɓen katako a sa sabo. Na ce to bismilla. Ya ce, "Ya ustaza, garejina ƙasansa baƙin mai ne da fitsarin maguna. Ni in kwance bututun nan zamzam ya malala a ciki? Ku kawo mini shi a bushe, ko ku nemi wani." Ko tayoyin ya ce ba zai ɗaga su a jak ba da wannan nauyi a kan ruɓaɓɓen daɓe.

Farin murfinka kuwa daidai bakin kwatar layin yake, a ƙarƙashin tagar Inna. Rayyan ya durƙusa don ya duba kawai, ta hango shi. Ta ce, "Kai, ɗan Larabawa, me kake nema a nan?" Ya ce, "Ya sitti, dubawa kawai." Ta ce, "Dubi gabanka."

Na zauna da ita. Na ce na tambayi limamin masallacin Mansur, ya ce babu laifi a kwashe a jarkoki a raba, a sha, a shafa, ko a ba shuka. Ta ce, "Liman ne ya zuba?" Na ce ruwan ai tafiya yake yi da kansa, yana shiga katako. Ta ce, "Katakon ma na Munzali ne." Na ce to wardin fa? Ta juya fuska bango ta ce in rage mata fanka.

Ka gane abin da ke ciki, ko sai na rubuta da manyan baƙaƙe? Ba maganar fiƙihu ba ce. A wurinta, ranar da aka kwashe tankin nan ba ka sha ba, ranar aka cire rai da dawowarka. Ni ba zan iya ce mata za ka dawo wata kaza ba, don kai ma ba ka taɓa faɗa mini ba. Kai ka ɗaura wannan ƙulli da kofinka ɗaya, kai za ka kwance. Ka hau tudu, ka hau bishiya, ka hau injin haƙar naku, ka nemo sabis ka kira ta.

Ruƙayyatu

*

Rusaifa
Bayan ƙaramar Sallah

Yaya Munzali,

Barka da Sallah, in ta same ka inda ake sanin an yi Sallah. Wasiƙata ta baya har yau ba a buɗe ta ba. Na kira lambar ofishinku na Abeche, wani ya ɗauka ya yi mini Faransanci ya ajiye. Ban sani ba ko in yi fushi ko in ji tsoro, sai nake yin duka biyun. Inna ta yi Sallah lafiya, ta sa an ajiye maka dubulan, kamar bara.

Wardi ya buɗe. Wata abokiyar aikina ta je Ɗa'if da iyalinta, ta nuna mini hotuna, buhu-buhu ake kai wa matatun turare. Ban nuna wa Inna ba, amma tana lissafi da kanta, ta fi kalanda sani.

Shekaranjiya na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Ni da Rayyan muka ɗauke ta da kekenta muka shigar da ita cikin karfan. Na kama hannunta na ɗora a kan daɓen. Yatsanta ya shige cikin katako. Ta daɗe tana shinshinar yatsan. Ta ce, "Wari yake." Na ce ba ruwan ne ya lalace ba, katakon ne. Ta ce, "Na sani, ba sai kin karanta mini jarida ba." Sannan ta ce, "Tunda shi bai zo ga ruwan ba, ruwan ya je gare shi."

Ta sa na ɗauko mata 'yar kwalbar nan ta man wardi da take ajiyewa a ƙarƙashin matashi, wadda Baba Mukhtaru ya saya mata, man ya ƙare tun kafin a haife mu. Da hannunta ta cika ta daga famfon karfan. Hajiya Ɗaso za ta tafi Injamena gobe ganin ɗanta, kwalbar tana cikin jakar hannunta. Daga can za ta ba direban motar Abeche ya kai ofishinku.

Sharaɗin Inna ɗaya ne, kuma na yi iya yina ta sassauta ta ƙi: ba a cire ko cokali daga tankin sai ta ga ka sha da idonta. Don haka da zarar ta iso hannunka ka ɗauki bidiyo. Kada ka yi jawabi, kada ka yi barkwanci. Ka sha kawai.

Ruƙayyatu

*

Abeche
Ƙarshen Shawwal

Ruƙayya ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ki kwantar da hankalinki ta wannan wajen. Ƙarfen haƙarmu ne ya maƙale a rami, can inda ko rediyo ba ta kamawa, aka ce ba mai motsawa sai an ciro shi. A can muka yi Sallah da taliya da manja. Jiya da yamma na shigo gari, waya ta kama, wasiƙunki biyu suka faɗo tare.

Ban san ta inda zan fara ba. Na karanta ta azumin a tsaye a bakin shagon caji, na kasa zama. Wallahi tallahi na ɗauka tsokana ce. Tun muna yara ba ki taɓa faɗa mini abu kai tsaye ba, ni ma haka, sai ranar da kika faɗa ban gane ba. Ki ba Rayyan haƙuri a kan rufin. Gam ɗin dai ba asara ba ne, amma na san ba wannan kike son ji ba.

Kwalbar ta riga ni isowa, ta yi kwanaki a aljihun teburin mai gadi, ya ɗauka turare ne, ya ce saura kaɗan ya shafa ranar Juma'a. Na sha. Bidiyon yana biye da wannan takarda. Tsakanina da ke, sai da na tafasa shi a murfin butar shayi, aikin ruwa nake yi, na san abin da tankin roba yake yi a zafi. Kada ki gaya wa Inna. Ɗanɗanonsa roba da wardi. Ban yi barkwanci ba. Ko na so ma ba zai fito ba.

Na kira ta da safen nan, Hajiya Ɗaso ba ta dawo ba, ba mai ɗaga mata wayar. Zan sake gwadawa kafin mu fita.

Yanzu ku yi sauri. Kada ku bi ta farin murfin. Ku zura siririn tiyo ta bakin da take ɗurawa, jarka tana ƙasa, Rayyan ya zuƙa sau ɗaya, ruwan zai biyo da kansa. Na ƙarshen a ɗaga hancin karfan da jak ɗinsa don ya taru a baya. Wanda zai sha ya tafasa. Ki ce wa Taha katako mai jure ruwa zai sa, kada ya yi mini dabarar kwali. In an gama a wanke tankin, a zuba ruwan famfo rabi kawai, cikakken tanki yana sa karfan rawa a bayan mota.

Kada Rayyan ya bi ta hanyar Hada, ko da ya ce ta fi kusa. Bai taɓa ja ba, kwana-kwanar nan ba ta ɗan koyo ba ce, birki zai yi zafi a dawowa. Ku bi ta hanyar Sail. Kaya masu nauyi a kan taya ko gaba kaɗan, ba a baya ba. Kuma ko Inna ta yi rantsuwa kada a bar ta a cikin karfan ana tafiya, ta zauna a gaban mota, ku tsaya ta huta. A Shafa ku nemi wuri mai faɗi nesa da bakin kwari, a sa waigi a tayoyi kafin a cire ƙugiya. Ku tafi da bargo biyu, can ba Makka ba ne. A rufe ƙofa in ana cin abinci, birran ba sa duba iƙama amma suna duba tukunya.

Maganar dawowa, kwantiragin sai baɗi, bayansa kuma sai an sami wanda zai yi mini biza. Gaskiyar ke nan. Kada ki ce mata zan zo, kada ki ce mata ba zan zo ba. Ki ce mata na sha.

Munzali

*

Rusaifa
Tsakiyar Zulƙida

Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Mun je mun dawo, kowa lafiya. Inna ta ɗan yi mura, ta warware. Zan ba ka labarin yadda ya faru, ba ƙari.

Ta kalli bidiyon sau uku, wayar a manne da idonta na dama. Abin da ta ce kawai, "Ya rame." Sannan ta miƙo mini makullin bakin tankin.

Tiyon ya yi aiki kamar yadda ka ce, sai dai Rayyan ya zuƙa da ƙarfi ya ƙware. Matan layin suka fito da kofuna da robobi, har da waɗanda gidajensu ke cike da zamzam, don sun ce wannan ya sha addu'ar Juma'a. Na yi ta cewa a tafasa, ban san ko mutum biyu sun ji ba. Inna ta hana a raba jarka ɗaya, ta ce da ita za a tafi.

Taha ya karɓi karfan, amma ya tarar da ruɓar ta wuce inda muka zata, ta ci har ƙarƙashin gado da gindin bango. Katakon da ka ce sai daga Jidda aka kawo. Kullum in na tashi daga aiki sai na biya garejin, kullum ya ce "bukra insha Allah," wato sai gobe. Ban ga laifinsa ba, aikin ya yi kyau. Lokaci ne babu.

Ta Sail muka bi. Rayyan ya yi gunaguni har muka wuce miƙati, daga nan da ya ji yadda karfan ke jan motar baya a hawa sai ya daina. Mun tsaya sau biyu Inna ta kwanta. Bayin ya yi aiki. Robarka ta masai kuwa, wadda duk wannan ya taso dominta, ta bushe ta tsage tuntuni, don ita ba wanda ya taɓa zuba mata ko ɗigo. Taha ya canja ta.

Mun isa Shafa da hantsi. Inna ta gane hanyar gonar da kanta, ta wani dutse mai tsaga, duk da an yi kwalta da gidaje. Mai gonar yanzu wani ne mai suna Turki, jikan wanda suka yi wa aiki. Ya karɓe mu da kyau, ya kawo gahawa. Da Rayyan ya faɗa masa abin da ya kawo mu sai ya dubi Inna ya dubi ƙasa. Ya ce an gama tsinka tun makon da ya wuce.

Ta ce a tura ta duk da haka. Rayyan ya tura keken tsakanin kunyoyin, tana miƙa hannu tana laluben rassan, ganye da ƙaya kawai. Turki ya sa ma'aikatansa suka bazu suna dubawa ko an manta da ɗaya. Sun samo guda biyu, sun bushe a jikin reshe, da ta taɓa sai suka marmashe. Ƙaya ta soke ta a babban yatsa. Ta tsotse jinin ta ce, "Mun makara." Ba ta ce laifin wane ne ba. Na so ta faɗa, da na sami abin musu.

Turki ya kai mu rumfar da suke dafa furen. Ana wanke manyan tukwanen tagulla za a rufe sai baɗi. Ya sa aka kwantar da ɗaya wadda ba a kai ga wankewa ba, Inna ta sa kanta a bakinta. Ta daɗe har na fara tsoro. Da ta ɗago ta ce wa Rayyan, da Hausa, ba ta damu ko ya gane ba, "Haka rigar kakanka take ƙamshi in ya dawo da rana."

Jarkar nan ta sa aka juye a gindin itatuwan layin ƙarshe, inda ta ce nan ne rabonta na tsinka a da. Ta ce wa Turki ya kula mata da su, baɗi za ta zo ta karɓi abinta. Ya ce, "A kan kaina, ya hajja." Ni na ji abin da likita ya faɗa game da idon, da wanda ya faɗa game da zuciyar.

Mun kwana biyu a inda ka kwatanta. An sa waigi. Bargo biyu bai isa ba, ka gyara shawararka. Biri ɗaya ya tafi da ledar burodi. Inna ta yi barci a gadonka fiye da yadda take yi a Mansur.

Karfan yana wurinsa an rufe da tamfol, tanki a bushe, kofi ɗaya a masai, Rayyan zai riƙa dubawa. Makullin yana jakata. Ranar Juma'a ta tambaye ni shi, na hana, ta kira ni da sunayen da ba zan rubuta ba.

Saura saƙo ɗaya. Ta ce ruwan ta ba ka, kwalbar ba ta ba ka ba. Ta ce ka dawo mata da abinta. Na ce Hajiya Ɗaso tana Injamena har yanzu, sai a bi ta hannunta. Ta ce ba ta yarda ba, ba direba, ba Ɗaso, ba ɗan aike. Kai za ka miƙa mata, hannu da hannu.

Kafin ka karanta wa direbanku: wannan ma ba wasa ba ne.

Ƙanwarka,
Ruƙayyatu